Alan Ladd, jarumin Shane: baƙon da aka yi wa maraba amma bai samu wurin zama ba

Kafin bidiyo ya durƙusar da gidajen silima a Accra, an yi zamanin da fim ɗin kaboyi yake cikin manyan abubuwan da ke cika su. Opera da Rex a tsakiyar gari, Roxy a Adabraka, Orion a Circle, da Dunia a cikin Nima, duk sunaye ne da dattawan zango ke ambata idan hira ta gangaro kan ƙuruciya. Ba sai mutum ya iya Turanci ba kafin ya bi labarin. Ga doki, ga bindiga, ga azzalumi, ga wanda zai rama wa talaka. Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Bayarabe sai su zauna a benci ɗaya, kowa ya gane abin da ke gudana, kowa ya yi ihu a daidai wurin da ya kamata.

Sunayen da suka fi zama a baki su ne irin su John Wayne da Gary Cooper. Amma idan masana fim suka zauna lissafin finafinan kaboyi da suka fi kowanne, da wuya su tsallake Shane na 1953, wanda masu Faransanci suka sani da L'Homme des vallées perdues. Jaruminsa Alan Ladd gajere ne, mai sanyin murya, ba shi da ƙirar da aka saba gani a kan doki. Fim ɗin labarin baƙo ne, wanda ake buƙatarsa lokacin wuya amma ba a tanadar masa wurin zama ba. Shi kuma Ladd ya san baƙunci tun kafin ya san kyamara.

An haife shi ranar 3 ga Satumban 1913 a garin Hot Springs na jihar Arkansas a Amurka. Mahaifiyarsa Ina Raleigh 'yar Ingila ce da ta yi ƙaura zuwa Amurka tana budurwa. Mahaifinsa akawu ne, kuma ya rasu yaron yana da shekara huɗu. Ba a daɗe ba Alan yana wasa da ashana ya jawo gobarar da ta cinye gidan da suke haya. Uwar ta kwashe shi suka koma Oklahoma, inda ta auri wani mai fentin gidaje, Jim Beavers. Daga nan iyalin suka kama hanyar Kalifoniya a tsohuwar mota, tafiyar da ta ɗauke su watanni, suna tsayawa a hanya ana ƙwadago a samu na mai da na abinci. Da suka isa, sansanin 'yan ci-rani suka fara sauka a Pasadena kafin su samu matsuguni a kwarin San Fernando, bayan tsaunukan Hollywood.

A makaranta 'yan ajinsu sun laƙaba masa Tiny, wato ɗan ƙarami, kuma wannan suna ya bi shi har girma. Ya rama da wasanni: ya zama gwanin ninƙaya da tsalle cikin ruwa a sakandaren North Hollywood. Bayan makaranta ya buɗe ɗan shagon sayar da abinci wanda ya sa wa wannan sunan na tsokana, shagon bai je ko'ina ba. Ya yi lebura a kamfanin Warner, cikin masu hawa sama suna ɗaure kayan ɗaukar fim. Duk inda ya nemi a gwada shi a gaban kyamara, amsar kusan ɗaya ce: ya yi gajarta, kuma gashinsa ya yi fari da yawa. Abin da ya rage masa shi ne murya, don haka ya koma rediyo, inda ba mai ganin tsayin mutum.

Shekarar 1937 ta zo masa da abu biyu a jere. A watan Oktoba matarsa ta farko, Marjorie Harrold, ta haifa masa ɗa. A ƙarshen Nuwamba mahaifiyarsa, wadda mijinta na biyu ya riga ya rasu kuma shaye-shaye ya ci ƙarfinta, ta karɓi ɗan kuɗi a hannunsa ta sayi gubar kashe tururuwa ta sha. Yana da shekara 24 a lokacin. Masu rubuta tarihinsa sun yi ittifaƙi cewa wannan mutuwa ba ta taɓa sakinsa ba.

Wadda ta buɗe masa ƙofa ita ce Sue Carol, tsohuwar 'yar fim da ta koma dillancin 'yan wasa. A rediyo ta ji shi, ta neme shi, ta dinga yawo da shi daga kamfani zuwa kamfani tana samo masa ƙananan wurare. A Citizen Kane na 1941 ma ya fito a matsayin ɗan jarida a ƙarshen fim, cikin duhu, da ƙyar ake gane fuskarsa. A 1942 abubuwa suka juya: ya auri Sue Carol bayan ya riga ya rabu da matarsa ta farko, kuma kamfanin Paramount ya fitar da This Gun for Hire, inda ya fito a matsayin makashin haya mai fuska kamar ta mala'ika, wanda ba ya murmushi sai in ya ga kyanwa. An haɗa shi da Veronica Lake, wadda ba ta kai ƙafa biyar ba, saboda haka a kusa da ita shi dogo ne. Suka sake haɗuwa a The Glass Key da The Blue Dahlia. Ya shiga soja a 1943 amma ciwon ciki ya sa aka sallame shi kafin shekara ta zagayo. Zuwa ƙarshen shekarun 1940 yana cikin waɗanda suka fi kawo wa Paramount kuɗi, ko da yake masu sharhi ba su ɗauke shi ɗan wasa na gaske ba, shi ma kansa bai ɗauki kansa haka ba.

Shane ba don shi aka tsara ba. Darakta George Stevens ya so Montgomery Clift ne, da hakan bai yiwu ba sai ya duba jerin 'yan wasan da ke ƙarƙashin kwangilar kamfanin ya zaɓi Ladd. An ɗauko labarin daga littafin Jack Schaefer na 1949, aka yi ɗaukar fim ɗin a 1951 a Jackson Hole cikin jihar Wyoming, a gindin tsaunukan Teton. Stevens ya daɗe yana tacewa, har sai a watan Afrilun 1953 fim ɗin ya fito.

Ga yadda labarin yake. Wani mutum sanye da rigar fata ya gangaro daga tsauni a kan doki, ya tsaya a gonar wani manomi, Joe Starrett, ya nemi ruwan sha. Ba a faɗa mana daga inda ya fito ba, ba a faɗi cikakken sunansa ba. An ba shi abinci, shi kuma don ya biya ya ɗauki gatari ya tunkari wani katon kututture da ya gagari maigidan shekara da shekaru. Su biyu suka taru suka tumɓuke shi. Daga nan ya zama ɗan aikin gona, ya ajiye bindigarsa, ya sayi kayan manoma ya sa. Yaron gidan, Joey, ya ɗauke shi tamkar wani waliyyi. Matar gidan, Marian, ta ji wani abu game da shi wanda ba ta taɓa furtawa ba, shi ma bai furta ba.

Matsalar kwarin ita ce ƙasa. Wani mai garken shanu, Rufus Ryker, yana ganin filin duka makiyayarsa ce, su kuma manoma sun zo da takardar gwamnati sun kafa shinge sun tare hanyar ruwa. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Dokar Amurka ta 1862 ta bai wa duk wanda zai zauna ya noma eka 160 kyauta, kuma a 1892 manyan masu shanu a gundumar Johnson ta Wyoming sun ɗauko 'yan bindigar haya daga Texas don su kawar da ƙananan masu filaye. A fim ɗin ma haka Ryker ya yi: ya ɗauko Jack Wilson, mai baƙar hula da baƙar safar hannu, wanda Jack Palance ya taka.

Mai karatu daga Agogo ko Zamfara ko Gidan Rumji ba ya buƙatar a fassara masa rikicin shinge da burtali. Sai dai a nan akwai wurin da kwatancen ya karkace, kuma ya kamata a faɗa. A Wyoming mai shanu shi ne mai kuɗi, mai yara da bindigogi, shi ne ɗan gari. A yammacin Afirka sau da yawa mai kora shanun talaka ne, kuma shi ake kira baƙo. Wanda ya kalli Shane ya fito yana cewa ai ga shi ko a Amurka makiyayi ne mugu, bai kalli fim ɗin da kyau ba. Stevens ma bai bar Ryker ba hujja ba. Akwai daren da ya zo gidan Starrett ya zayyana yadda shi da abokansa suka riga kowa zuwa kwarin, suka sha wuya, wasu suka mutu, sannan yanzu wasu sun zo da takarda suna cewa ya matsa. Starrett ya tuna masa cewa akwai waɗanda suka riga shi. Abin da fim ɗin ya ratsa ta kansa da sauri shi ne asalin masu ƙasar, Indiyawan daji kamar yadda ake kiransu a finafinan, waɗanda aka kora kafin a fara gardamar wa ya riga wa. Ba ko ɗaya daga cikinsu a allo.

Abin da ya bambanta Shane da finafinan kaboyi na gabaninsa shi ne yadda ya ɗauki harbi. Stevens ya yi yaƙin duniya na biyu da kyamara a hannu, yana cikin waɗanda suka ɗauki hoton sansanin Dachau lokacin da aka 'yantar da shi a 1945, ya dawo ba ya jure ganin fim inda ake harbin mutum ya dafe ƙirji ya kwanta a hankali kamar mai barci. Ya sa aka ƙara ƙarfin ƙarar bindiga har mai kallo ya zabura. A wurin da Wilson ya kashe wani ɗan ƙaramin manomi mai cika baki, Torrey, an ɗaura wa ɗan wasan waya a baya aka fizge shi ya faɗa cikin taɓo. Babu kiɗa, babu jarumta, sai gawa a cikin laka. Sannan aka tsaya aka nuna jana'izarsa, har da karensa yana kuka a bakin kabari. A zamanin da ake kashe mutum goma a fim kafin a gama cin gyaɗar kobo, wannan sabon abu ne.

Ƙarshen kuwa sananne ne. Starrett ya yi niyyar zuwa gari ya fuskanci Ryker, alhali ya san tarko ne. Shane ya sake sa rigarsa ta fata, ya ɗaura bindiga, ya tare abokinsa, suka yi dambe har ya buge shi da gindin bindiga ya sume, don kawai ya hana shi zuwa ya mutu. Ya tafi shi kaɗai, ya kashe Wilson da Ryker da ɗan'uwan Ryker, shi ma harsashi ya same shi. Ya gaya wa yaron cewa wanda ya yi kisa ba ya iya komawa ya zauna kamar kowa, ya ba shi saƙo ga uwarsa cewa bindiga ta ƙare a kwarin. Ya hau doki ya nufi tsauni, ya ratsa ta maƙabarta, yaron yana ta ƙwala masa kira ya dawo. Har yau masu kallo na gardama ko ya rayu ko ya mutu a kan sirdi.

A nan ne nake ganin fim ɗin ya fi kusa da mutanen zango. Kalmar zango kanta wurin saukar matafiyi take nufi, inda ayari ke sauke kaya ya kwana kafin ya wuce. Nima ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, mai harkar shanu, ya samu fili a hannun iyalan Odoi Kwao na Osu, wurin da shanun da aka koro daga arewa ke hutawa kafin a kai su kasuwa. Lokacin yaƙin duniya na biyu, sansanin sojan Amurka da ke kusa da filin jirgin sama ya jawo masu neman aiki, unguwar ta cika ta tumbatsa har Maamobi. Mutanen nan su ne masu gadi, masu dako a tashar jiragen ruwa, mahauta, masu wanki, 'yan sanda da sojoji. Sun tumɓuke kututture da yawa a Accra. Sannan a ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubun dubatar mutane suka tattara abin da za su iya ɗauka suka nufi Najeriya da Nijar da Togo da Haute-Volta, cikinsu har da waɗanda a Ghana aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da ake ce musu tasu ba. A Janairun 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin wannan. Bambancin shi ne Shane da kansa ya zaɓi tafiya, fim ɗin kuma ya ƙawata ta da tsauni da kiɗa, har mai kallo ya manta ya tambaya me ya sa babu wanda ya ce masa ya zauna in ban da yaro ƙarami.

Ba a Accra kaɗai kaboyi ya shiga jinin matasa ba. A Kinshasa ta shekarun 1950 an yi gungun samari da ake kira Bills, daga sunan Buffalo Bill. A Nijar kuma Moustapha Alassane, wanda daga baya ya zauna a Tawa, ya mayar da abin fim a 1966 da Le Retour d'un aventurier: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Zalika Souley da Djingarey Maïga na cikin 'yan wasan. Alassane ya gane abin da Stevens ya gane, cewa kayan kaboyi suna da kyau a jiki amma gari ba ya zaunuwa da mai su.

Shane ya samu shiga takarar Oscar a fanni shida, ya ci ɗaya, na ɗaukar hoto mai launi, wanda aka bai wa Loyal Griggs. Palance da yaron, Brandon deWilde, duk an sa sunayensu a takara. Ladd ba a sa shi ba. Kafin fim ɗin ya fito ya riga ya bar Paramount, kuma ana ganin kamfanin bai ga dalilin yi wa wanda ya tafi kamfe ba. A ganina an zalunce shi. Wasan nasa ba na hayaniya ba ne, shi ya sa yake da sauƙin rainawa. A duba yadda yake zabura ya kai hannu ƙugu idan yaron ya taɓa bindigarsa a bayansa, sannan kunya ta rufe shi. A duba yadda yake tsayawa a waje cikin ruwan sama yana kallon cikin ɗaki ta taga. Wanda ya yi zaman sansanin 'yan ci-rani ba ya buƙatar a koya masa wannan tsayuwar.

Abin da ya biyo baya gangara ce, ba ta gaggawa ba. Ya je Ingila ya yi finafinai uku, ya dawo ya kafa kamfaninsa mai suna Jaguar, ya ci gaba da samun kuɗi da finafinan da yawanci an manta da su. Stevens ya sake nemansa don Giant na 1956, ya ƙi saboda ba shi ne babban jarumi ba, wurin ya faɗa hannun James Dean. A 1957 aka haɗa shi da Sophia Loren a Boy on a Dolphin, aka haƙa mata rami tana tafiya a ciki don kada ta fi shi tsayi a allo, labarin kuma ya bazu ya zama abin dariya. The Proud Rebel na 1958, wanda ya yi tare da ɗansa David, shi ne na ƙarshe da za a iya ajiyewa kusa da Shane ba tare da jin kunya ba. Rashin barci ya dame shi, ya haɗa giya da ƙwayoyin barci, fuskarsa ta kumbura har ta fara nunawa a fim.

A Nuwamban 1962 aka same shi a gidan gonarsa kwance cikin jini, da harsashi kusa da zuciya. Ya ce ya ji motsin ɓarawo ne ya ɗauki bindiga ya yi tuntuɓe. Ya warke, ya karɓi wani matsayi na biyu a The Carpetbaggers, irin wanda ya ƙi a hannun Stevens, inda ya fito a matsayin Nevada Smith, tsohon ɗan bindiga da ya koma jarumin finafinan kaboyi kuma zamani ya fara wuce shi. Bai ga fitowar fim ɗin ba. Ranar 29 ga Janairun 1964 aka tarar da shi ya rasu a gidansa na Palm Springs, yana da shekara 50. Binciken likita ya nuna haɗuwar giya da magungunan sa barci ce ta kashe shi, hukuma kuma ta rubuta cewa tsautsayi ne. An binne shi a maƙabartar Forest Lawn da ke Glendale.

The Carpetbaggers ya zama ɗaya daga cikin finafinan da suka fi kawo kuɗi a 1964. Clint Eastwood ya sake gina labarin Shane a Pale Rider na 1985, kuma a 1993 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa Shane cikin finafinan da ƙasa za ta adana. Jaririn nan da aka haifa makonni kaɗan kafin mutuwar kakarsa, Alan Ladd ƙarami, ya girma ya zama shugaba a kamfanin Fox, kuma shi ne ya amince a kashe kuɗi a kan Star Wars bayan wasu kamfanoni sun ƙi. Ya karɓi Oscar a 1996 a matsayin furodusan Braveheart, ya rasu a 2022.